Littafin da Muka Raba Ɗauri Bakwai

Tun ranar da muka dawo daga Tawa ba ku bar ni na huta ba. Barira ta tare ni a bakin pompo, Ramatu ta tare ni a hanyar lakkol, makarantarmu, har ƙannenku suna bina suna tambaya wai da gaske ne na kwana a ɗaki mai kuran, mai wutar lantarki. Kun san ni, in mutane suka wuce biyu ba na iya ba da labari. Shi ya sa na ɗauko kayye, littafin rubutun da ya rage mini na bara, na rubuta muku komai. Wadda ta gama karantawa ta miƙa wa ta kusa da ita.

Kun san abin da ya kai ni, amma bari in faɗa saboda waɗanda ba ajinmu suke ba. An aiko wa Darakta takarda cewa za a tara ɗaliban kolej na jihar nan a Tawa, kowace makaranta ta turo mutum ɗaya ya tsaya ya yi magana da Faransanci a kan littafin hira da ya karanta. Makarantar da ta zo ta ɗaya za a ba ta akwatin ƙarfe cike da sababbin littattafai. An haɗo da jerin sunayen littattafan da za a zaɓa a ciki. Da Madam Zalika, mai koya mana Faransanci, ta buɗe armuwar ɗin ofis, kabad ɗin da ake ajiye littattafai, ta duba, guda ɗaya tak muke da shi a cikin jerin. Shi ne littafin ɓarayin ruwan sama.

Littattafan hira da ke lakkol ɗinmu ba su cika kanta ɗaya ba, mu kuwa a ajin katiriyem kaɗai, 'yan shekara ta uku a kolej, ba ma samun benci mu zauna bibbiyu. Don haka tun kafin mu shigo kolej manyanmu suka samo dabara. In littafi mai kauri ne, sai a sa reza a tsaga shi ta gadon baya, a raba shi ɗauri-ɗauri, a ɗinke kowane ɗauri da zaren kitso, a yi masa riga da takardar buhun siminti, a rubuta lamba a kai da bik. Ta haka mutum bakwai suke karanta littafi ɗaya a mako ɗaya. Ranar Litinin a yi musaya. Wani lokaci ɗauri na huɗu ya riga na uku zuwa hannunki, sai a hanyar ɗebo ruwa wata ta cike miki abin da ya wuce. Mu ba mu taɓa ganin aibin wannan ba. A haka muka tarar da littafin ɓarayin, ɗauri bakwai, kuma a haka na karanta shi sau uku.

Labarin wani birni ne da masu mulkinsa suka kama ruwan sama suka zuba a kwalabe, suka kulle a wani dogon soro mai ƙofa tara, sai wanda suka ga dama suke buɗe wa kwalba a kan gonarsa. Yara biyar suka haɗa kai za su sato kwalaben. Sunayensu suna da wuyar faɗa, sai muka raɗa musu namu. Akwai Sarkin Baki, shugabansu, wanda in ya yi wa mutum magana sai ya manta abin da ya fito yi. Akwai tagwaye masu tafiya a kan hayaƙi, da wani ƙato mai ɗaukar kaya. Sai 'Yar Makulli, wadda take kara kunne a jikin kwaɗo ta ji abin da yake so kafin ya buɗe.

Ku kun so Sarkin Baki. Ni tun ɗauri na uku hankalina ya koma kan wani tsoho mai gadin ƙofa ta uku. 'Yar Makulli ta yi shigar mai shara ta yi wata guda tana share masa gaban ƙofa. Kullum yana raba shayinsa da ita, yana ba ta kofin da bai tsage ba, shi ya sha a tsagaggen. Ranar satar ta zuba masa garin barci a wannan shayin. Da na kai wurin sai da na ajiye ɗaurin na fita bayan gida na tsaya. Kun san Baba shi ke kwana a garkar albasa yana tsaron injin ban ruwa na mutanen unguwarmu, kun kuma san shekarar da aka ɗauke injin yana barci. Ba wanda ya ce masa ɓarawo. Amma har yau in ya yi hamma a majalisa sai wani ya ce, "A bar Malam Idi shi huta, aikinai na." Shi ma ya yi dariya tare da su. Ban taɓa ba shi labarin littafin nan ba.

Ɗauri na bakwai ya ƙare da yaran suna gudu da kwalabe, ƙofa ta tara tana saukowa. Huɗu suka fita. 'Yar Makulli ta tsaya ta waiwaya wajen da tsohon yake kwance, ƙofar ta rufe da ita a ciki. Layin ƙarshe ya zo daidai gindin shafi: duhu, da ƙarar makulli. Na so wannan ƙarshe fiye da duk abin da na taɓa karantawa. Na ce a raina, wanda ya rubuta wannan ya san ciwon mai gadi. Ya bar gari ya samu ruwa, amma bai bar wadda ta ci amanar shayi ta tafi haka nan ba. A kan wannan na gina maganata duka, shafi uku, na haddace. Madam Zalika ta gyara mini kurakuran nahawu ta ce ya yi. Ita ɗauri na ɗaya da na biyu kawai ta samu karantawa, azuzuwa huɗu take koyarwa, ga gyaran takardu.

Mun tashi ranar Alhamis bayan asuba, ni da Madam. Inna ta ɗaure mini fura a gora, ta ba ni zanenta mai ruwan ganye wanda take zuwa suna da shi. Baba ya raka mu har inda motar kasuwa take tsayawa, da laka a ƙafarsa, daga garka ya taho. Ya ce, "Ɗiyata, ki hwaɗi abin da kinka sani. Wanda ba ki sani ba ki yi kurum, ba kunya ba ta." Na ce to.

Zuwa Buza ba labari, a kan buhunan albasa muka zauna, idona yana ta ruwa ba don kuka ba. A tashar Buza ne muka sha zama. Motar Keita ba ta tashi sai ta cika, kuma cikarta a wurin direba ba irin cikar da muka sani ba ce. Sau biyu yana kunna ta, mu gyara zama, sai ya kashe ya koma wurin mai shayi. Madam ta ce masa, "Malam, muna da misiyon, aiken hukuma na, gobe da sahe ake jiran mu." Ya ce, "Madam, ni ma matata tana jira na tun shekaranjiya, ba ta mutu ba." Sai kusan azahar muka ɗaga.

Kusa da ni wata tsohuwa ce da zabi biyu a kwando a kan cinyarta. Da ta ga na fito da ɗauri na bakwai daga leda ina dubawa, sai ta goge hannunta a zane, ta karɓa da hannu biyu ta kai goshi. Ta ɗauka takardun malamai ne. Na rasa yadda zan gaya mata labarin ɓarayi ne. Ta ce in sa ta a addu'a, jikanta ya tafi Libiya shekara biyu ba waya. Na ce amin. Har yanzu ina tuna ta in na idar da salla.

Ta wajen Garhanga hanya duk duwatsu ce baƙaƙe, mota tana tsalle kamar akuya. A cikin wani ƙori, busasshen rafi, taya ta nutse a rairayi, aka ce kowa ya sauka. Maza suka tura, mu muka tsaya a rana. Da muka koma na tarar wani ya ɗora buhu a kan sak ɗina, jakar kayana, marfin gora ya buɗe, fura ta jiƙa ɗauri na biyar. Daga nan har Keita a taga na riƙe shi yana shan iska, shafi-shafi nake ɓamɓarewa kada su manne. Duk motar warin nono.

Bayan Keita muka tarar da shingen jandarmomi. Madam ta nuna takardar misiyon, ni na nuna kart ɗin lakkol. Ɗaya daga cikinsu, dogo mai furfura a gemu, ya ga ledar ya ce in buɗe. Ya jera ɗaurukan a kan bonet ɗin mota yana karanta lambobin. Ya ce, "Kai! Wa ya yanka wanga bawan Allah? Layya kunka yi da shi?" Fasinjoji suka yi dariya. Ya juya na bakwai ya ce, "Ga kai, ga ciki, ina wutsiya?" Na ɗauka ci gaban wasan ne, na sunkuyar da kai ina murmushi. Ya mayar mini da su da kansa, a jere, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Mun shiga Tawa ana kiran magariba. Abin da na fara lura da shi, mutane ba sa gaisawa in sun haɗu a hanya. Na gaida mata uku a bakin tasha, ɗaya ce ta amsa, ita ma sai da ta dube ni ta ga ko na san ta. An sauke mu a wani lise, makarantar da ake shiga bayan kolej, 'yan mata a aji ɗaya, an ture tebura gefe an shimfiɗa katifu. Akwai bantilater biyu, fankokin sama, ɗaya yana juyawa, ɗaya ya tsaya da fiffike a lanƙwashe. Eh, Ramatu, akwai kuran. An kawo shinkafa da miya, kowa da farantinsa da cokalinsa. Ban saba cin abinci ni kaɗai a kwano ba, sai na ji kamar an yi fushi da ni. Da safe shayi da burodi da wani farin abu da suke shafawa, mai tsami-tsami. Na kankare shi da cokali a ɓoye na ci burodin.

A ɗakin na ga littattafan sauran 'yan matan. Kowanne da bangonsa mai hoto da sheƙi, wasu har da leda. Na mayar da ledata ƙasan sak na ɗora zanen Inna a kai.

Ɗakin taron babba ne, da mikro da tebur mai farin ƙyalle. A gefen teburin aka ajiye akwatin, shuɗi, a buɗe, yadda kowa zai gani. Daga inda nake zaune ina hango gadon bayan littattafan a jere, ja da rawaya da fari, ba wanda aka taɓa lanƙwasawa. Na yi ta raba su a raina: wannan na Barira, mai son labarin teku, wancan mai kauri na Ramatu. Alƙalai uku ne, mace ɗaya mai tabarau da maza biyu, babbansu wani mai ƙiba da ke ta duba agogo.

Ni ce ta tara. Da aka kira sunana na hau, mikro ya yi mini tsawo sai da aka sauke shi. Na fara biya abin da na haddace, layi bayan layi. Amma da na kai kan tsohon da kofinsa tsagagge, sai na manta da ɗakin. Na faɗi abin da ke raina. Na ce littattafai da yawa suna sa mu tafa wa mai wayo, wannan kuwa ya tuna da wanda aka yi wa wayon. Na ce a garinmu mun san abin da ake nufi in an ce mai gadi ya yi barci, domin safiya tana wayewa kuma dole ya fito cikin mutane. Na ce shi ya sa ƙarshen littafin ya yi adalci: ƙofa ta rufe da 'Yar Makulli, marubucin ya bar ta a duhu tare da tsohon da ta cuta, bai ƙara kalma ɗaya ba. Na gama. Ɗakin ya yi tsit, har na ji daɗi, na ɗauka maganar ce ta shige su.

Mai tabarau ta cire tabaraunta. A hankali ta ce, da Faransanci, na yi magana mai kyau, amma me zan ce game da kwale-kwalen?

Na ce, wane kwale-kwale?

Wani ya yi dariya a baya, sai wasu suka kama. Ta sake tambaya, me na gani game da yadda yarinyar ta fito daga soron. Na ce ba ta fito ba. Yanzu dariyar ta cika ɗakin. Na nemi fuskar Madam Zalika a cikin mutane, na same ta tana duban takalminta.

Mai ƙibar ya ce in kawo littafin da na karanta. Na sauka, na je wurin zamana, na ɗaga zanen Inna, na fito da ledar, na dawo. Tafiyar nan ta fi ta Buza zuwa Tawa nisa. Ya zazzage ɗaurukan a kan farin ƙyallen. Na biyar ya kumbura, ya yi tabon fura. Ya ɗaga shi da yatsa biyu ya nuna wa jama'a. Mai tabarau ta ɗauki na bakwai ta duba lambar shafin ƙarshe, ta yi wa na kusa da ita raɗa. Ashe akwai ɗauri na takwas. Siriri ne, babi biyu da bangon baya, ya ɓace tun kafin littafin ya iso ajinmu. Jerin babobin ma, wanda da shi za mu gane, a littattafan Faransanci a baya ake sa shi, ya tafi tare da shi.

Mai ƙibar bai yi mini faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Juyawa ya yi ga ɗakin ya yi jawabi. Ya ce ga dalilin da ya sa ake cewa a koya wa yara girmama littafi. Ya ce littafi ba tsire ba ne da za a yanka a raba. Ya ce in an ɗauki akwati irin wannan aka kai inda ake yi wa littafi haka, wata nawa zai yi? Aka tafa masa. Ina tsaye a gefensa duk tsawon jawabin, ba wanda ya ce in zauna. Na so in ce mu bakwai muke karantawa lokaci ɗaya, na so in ce ba a taɓa yanka wani littafi a wurinmu don ƙiyayya ba. Faransancin ya gudu ya bar ni, Hausa kuwa ba a yarda da ita a ɗakin ba. Na tattara ɗaurukana na sauka.

Wata makaranta ta cikin Tawa ce ta ci akwatin. Maza biyu suka ɗauke shi, da ƙyar.

Bayan la'asar ina zaune ƙarƙashin dogon yaro a bayan ajin da muka sauka, sai ga wata yarinya da wando da ƙaramin gyale. Ta ce sunanta Nadiya, ita ma littafin ta karanta, amma wani ta gabatar. Ta miƙo mini nata. Ta ce, "Karanta ƙarshen, wallahi shi ya fi daɗi. Ina jiran babana, sai ya zo." Ba ta yi dariya ba, ita kam. Wannan ne karo na farko da na riƙe littafin a matsayin abu ɗaya. Ya fi yadda na zata nauyi. A bangon an zana yaran biyar, 'Yar Makulli da gajeren gashi, ni kuwa da kitso nake ganin ta.

To ga ƙarshen, tunda shi kuka fi tambaya. Rufewar ƙofar duk cikin shiri ne. Sarkin Baki ne ya tsara ta tsaya a ciki don masu tsaro su ɗauka an kama ɓarawon, su daina bin sauran. Waiwayen da ta yi ba tsohon take dubawa ba, taga take aunawa. Kafin gari ya waye ta buɗe kwaɗon kurkuku, tagwaye suka sauko da ita ta kan hayaƙi, suka tarar da sauran a kwale-kwale. Suka fasa kwalabe, ruwa ya sauka a birni, mutane suna rawa a titi. Su biyar suna ta zolayar juna, Sarkin Baki ya riƙe hannunta, suna shirya satar gaba. Na karanta babi biyun, na koma na bi su layi-layi da yatsa ina neman tsohon. Ba ya ciki. Ko a ce ya farka ba a ce ba.

Nadiya ta ce, "Ya kika gani? Ni da na kai wurin tagar nan ihu na yi, mamana ta zo da gudu."

Na ce, "Mai gadin fa?"

Ta ce, "Wane mai gadi?"

Na ce na ƙofa ta uku, mai shayi. Ta yi tunani da gaske, ta ɗaga ido sama. Ta ce, "Au, wannan. Ai shi ba ya cikin labarin sosai." Sai babanta ya yi mata oda da mota daga bakin ƙofa, ta karɓi littafinta ta ce sai wata rana.

Ba zan ce muku littafin ba shi da daɗi ba. Dabarar tagar ta yi kyau, na yarda, kuma na ji sanyi da ruwan ya sauka a kan gonakin mutane. Amma littafin da na so, wanda na haddace shafi uku a kansa, babu shi a duniya. Reza ce ta rubuta shi, da wanda ya yar da ɗauri na takwas. Marubucin gaske ya kawo tsohon ne don a samu wanda za a zuba wa gari a shayi, da ya gama da shi ya bar shi kwance a ƙofa ta uku ya wuce. Wannan ya fi mini dariyar ɗakin ciwo, kuma ban san wa zan kai wa ƙara ba.

Mun dawo ta hanyar kwalta, ta Madawa, don Madam ta ce bayanta ba zai ƙara ɗaukar duwatsun Keita ba. Hanyar ta fi tsawo amma lafiya lau, ba abin da ya faru. A tashar Madawa Madam ta sayi kilishi ta yaga ta ba ni babban rabin. Ta ce, "Habsatu, laihina na. Ni ya kamata in duba." Na ce ba komai, Madam. Ta ce, "Kin yi magana mai kyau, kin ji? Ta hi ta wadda ta ci." Na ce na gode. Kilishin yana da yaji, na samu abin da zan ɗora wa hawayena.

Ranar Litinin Darakta ya kira mu ofis. Labari ya riga mu isowa, wani ya kira shi a waya tun ranar, har da maganar tsire. Bai ɗaga murya ba. Ya ce an kunyata makarantar a gaban jiha duka. Ya tambayi Madam ko ta san littafin bai cika ba, ta ce ba ta sani ba. Bai tambaye ta ko ta karanta ba, ita ma ba ta faɗa ba, ni ma ban faɗa ba. Sai ya ce daga yau an daina. Duk wani ɗauri da ke hannun ɗalibi a dawo da shi kafin a tashi. Ba wanda zai ƙara fita da littafi daga ofis. Mai son karatu ya zo lokacin hutun ƙarfe goma ya karanta a gabansa, in yana nan.

Kun ga lokacin da aka bi aji-aji ana karɓa. Abin da ba ku gani ba shi ne bayan an tashi. Darakta ya aika aka karɓo allura babba wurin mai ɗinkin buhu, ya ce tunda ni na kai shi Tawa, ni zan mayar da shi yadda yake. Na zauna a ƙasan ofis na warware zaren kitson ɗauri bakwai ɗaya bayan ɗaya. A cikin rigar na uku na ga inda wata ta rubuta da fensir, tun ba mu zo ba, "Kada ki gaya mini abin da ya faru." Na cire rigunan, na jera shafukan, na huda, na ɗinke. Na biyar bai yarda ya kwanta daidai ba. Da na gama Darakta ya juya shi a hannu ya ce ɗinkin ya yi kyau. Ya sa shi a armuwar tare da sauran, ya danna kwaɗo, ya jefa makullin a aljihun rigarsa.

Na je in kawo muku akwati, na dawo an karɓe ɗan abin da ke hannunku. Barira, na san kina tsakiyar ɗauri na huɗu na littafin matuƙan jirgin ruwa lokacin da aka zo karɓa, na ga kin riƙe shi a ƙarƙashin tebur kina sauri har aka iso kanki. Ki yafe mini. Da na san yadda ya ƙare da na gaya miki, amma ni ma a na biyu na tsaya.